Ba-a-mayarwa

Sau biyu a shekara nake shimfiɗa tabarmi
bayan majami'armu ta Wadata, ƙarƙashin dogon-yaro.
Kwana uku. Babu maza, babu wayar hannu.
Mata su zo daga Galmi, daga Madawa, daga Buza,
wasu da ƙunshin albasa, wasu da hoto a bakin zane.
Kashi biyu ne mu:
waɗanda ƙasa ta karɓe wa ɗa,
da waɗanda suka goya ɗan da ba su yi naƙudarsa ba.
Ni ƙafa ɗaya nan, ɗaya can.

Natan, wata goma sha ɗaya, zazzaɓin damina.
Ban taɓa faɗin fiye da haka ba.
Ina dai dama hura, ina miƙa ludayi,
in ce musu: ku yi kuka, ba zunubi ba ne,
Ubangiji ba ya ƙyamar majina.
Su yi dariya, sannan kukan ya zo.

Na dawo gida Lahadi da maraice,
murya ta dushe, tabarmi bisa kabu-kabu,
sai ga Barnaba da Damaris a bakin ƙofa
kamar masu jiran alƙali.
Inna, kare muke so.

Na ce a'a tun ban sauke jaka ba.
Kun san nawa tiyar hatsi bana?
Malam Attahiru da ke aiko mana naman layya,
so kuke kare ya lashi butarsa?
Wa zai kwashe kashi, ku da kwano ma sai na yi magana uku?
Duka gaskiya ne.
Na huɗun na haɗiye:
kare ba ya daɗewa,
ni kuwa na gaji da haƙa rami.

Ashe sun riga ni.
Yana bayan randa cikin kwalin sabulu,
kwikwiyo launin ƙasa, kunne ɗaya a karye.
Bakin tabkin Babaye suka tsinto shi,
inda mota ta bi ta kan uwarsa.
Rawar ɗari yake cikin zafin Tawa.

Damaris ba ta roƙe ni ba.
Shekararta tara, shida a ɗakina.
Da riga ɗaya da tari ta zo mini
ran da kakarta ta kasa.
Ta tsuguna tana sosa masa wuya, ba ta dube ni ba:
Inna, in ya tauna takalminki na zuwa sujada,
in ya yi fitsari a tabarma,
in ya girma ya zama mummuna,
ina ake mayar da shi?

Kwana uku ina ba mata kalmomi,
ga ni a tsakar gidana babu ko ɗaya.
Na tuna yadda take cinye tuwo ko ba ta so,
yadda take shara tun ba a ce ba,
kofin da ta fasa bara ta binne bayan garka.
Ni ina ta cewa: yarinya mai ladabi.
Ashe kuɗin haya take biya.

Na durƙusa, gwiwata ta yi ƙara.
Na ce: gidan nan ba a mayarwa.
Wanda ya shigo ya shigo,
ko ya cinye takalmin har igiya.

Barnaba ya daka tsalle: sunansa ke nan!

Yanzu in an ƙwala Ba-a-mayarwa da magariba
unguwa duk ta ji.
Malam Attahiru ya ɗage butarsa bisa katanga,
amma na gan shi yana jefo ƙashi.
Takalmin ya tafi, na hagu.
Ramin da nake tsoro yana gaba, na sani;
in ranar ta zo, mu uku za mu haƙa.

Jiya Damaris ta ƙi wanke kwano,
har ta murguɗa mini baki.
Na shige ɗaki na saki labule
don kada ta ga ina godiya.